Tabar lofe tana ƙona mini harshe, ina gyaran yake?

Na Mokoyo: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya masu shan lofe nake nema. Kawuna da ke zirga-zirgar Kwatano ya kawo mini lofe na icce da gwangwanin taba guda, irin mai ƙamshin nan da ake yankawa siri-siri. Ranar da na buɗe ta tana da laushi har tana manne wa yatsa. Na cika na kunna, ta ƙi ci, sai mutuwa take yi, ƙasan tukunyar lofen, wato inda ake zuba tabar, kuma ya tara ruwa, in na ja sai in ji yana ƙara. Yanzu da hunturu ya shigo ta bushe ƙarau, in na taɓa sai ta marmashe, wuta na cin ta da sauri, harshena kuwa yana raɗaɗi har washegari ba na jin ɗanɗanon miya. Na kuma sayi ganyen gida a babbar kasuwa ranar Juma'a, na murza na zuba, ban yi nisa ba kaina ya juya. Tabar ce ba ta da kyau, ko lofen, ko akwai gyaran da ake yi mata kafin a kunna?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam ɗana. Tabarka lafiya lau take, lofen ma haka. Danshi ne ya wahalar da kai, da farko ya yi yawa, yanzu kuma ya tafi gaba ɗaya. Yawancin masu farawa suna ɗora wa lofe laifi, alhali aikin yana ƙarewa ne tun kafin a ƙyasta ashana.

Ga abin da za ka riƙa yi kullum kafin ka zuba. Ɗebi kaɗan da yatsu uku, ka matse sosai, sannan ka saki a tafin hannunka ka duba. In ta tsaya a dunƙule ba ta motsa ba, ruwa ya yi mata yawa. In ta kakkarye ta zama gari, ta bushe. Wadda ake so ita ce wadda za ta ɗan tsaya, sannan ka ga tana warwarewa da kanta a hankali, ba ta karye ba, ba ta manne ba. Hannunka ne ma'auni, in ya saba ba ka buƙatar komai.

Sabon gwangwani kusan kullum a jiƙe yake zuwa, da gangan masu yi suke rufe shi haka don kada tabar ta lalace a hanya. Sai ka ɗebi iya abin da zai cika tukunya sau ɗaya, ka baza a kan farar takarda a cikin ɗaki, ka rufe gwangwanin nan take. Bature a ƙasarsu zai ce maka ka bar ta rabin awa. Mu a Maraɗi cikin watan Janairu minti biyar ma na iya yin yawa, a watan Agusta kuwa kana iya jiran awa guda ba ta kai ba. Kada ka saka ta a rana, ƙamshin ne zai fara gudu kafin ruwan.

Na Mokoyo: Na gode Baba. To wadda ta riga ta bushe fa, zubarwa zan yi?

Mai Tebur a Kasuwa: Kada ka zubar. Jefa ɓawon lemu ko ɗan yankan ɗanyen dankali a cikin gwangwanin ka rufe, gobe za ka tarar ta yi laushi. Haka muke yi wa ganye in ya bushe mana.

Tsohon Direba: Alhaji, laushi kam za ta yi, ban musa ba. Amma kai ganyenka a rana ɗaya ko biyu yake fita daga hannunka. Shi wannan yaro gwangwanin zai zauna wurinsa wata da watanni. Duk abin da zai iya ruɓewa, lemu ne ko dankali ko mangwaro, in ya kwana biyu a rufe da taba fumfuna zai kawo. Taba kuwa in ta yi fumfuna babu gyara, sai juji.

Ɗana, nemi tsingaron sabon tulu ko na kasko wanda bai taɓa ganin mai ba, ɗan ƙarami da bai wuce kan babban yatsa ba. Dafa shi a ruwa ya tafasa, ka bar shi ya huce, ka goge shi da tsumma mai tsabta har ya daina ɗiga. Juye tabar cikin kwalba mai murfin roba, irin wadda ake sayar da zuma ko man gyaɗa a ciki, amma ka wanke ta sarai ta bushe, babu sauran wari. Ɗora tsingaron a sama a kan 'yar takarda don kada ya taɓa tabar, ka rufe. Da safe ka buɗe ka matsa da yatsu. In ba ta kai ba ka sake jiƙa shi, in ta kai ka cire shi. Wata hanyar kuma, ka zuba tabar a kwano, ka jiƙa tawul ka matse shi sosai, ka shimfiɗa a bakin kwanon ba tare da ya taɓa ta ba, kana juyawa lokaci-lokaci. Abin da ba na so ka yi shi ne ka zuba ruwa kai tsaye. Wani wuri zai jiƙe sharkaf, wani yana nan a bushe.

Amma in gaya maka gaskiya, tunda taka mai ƙamshi ce, wani abu daga ƙamshin ya riga ya tafi kuma ba zai dawo ba. Za ta shawu dai, kuma ba za ta ƙona ka yadda take yi yanzu ba.

Malamin Lakwal: Bari in sa baki a kan dalilin, don in mutum ya san dalili ba ya mantawa. Taba ganye ce mai shan ruwa daga iska, tana kuma mayar wa iska. Ta fi zama daidai in danshin iskar da ke kewaye da ita yana wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari. A nan kuwa tsakanin Janairu da Maris da rana danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura 70. Ka ga ke nan a shekara guda muna da matsala biyu masu kishiyantar juna, kuma shawarar da aka rubuta don masu zama Faransa ko Ingila rabinta kawai take mana aiki.

Ƙunar harshe ma hanya biyu take zuwa. Jiƙaƙƙiyar taba tana fitar da tururi, ga shi tana mutuwa, sai mutum ya riƙa ja da ƙarfi don ya raya wutar, tururin ya dafa masa harshe. Busasshiya kuma tana ci da sauri, hayaƙin ya fito da zafi. Tabar da aka zuba wa ƙamshi da zaƙi ta fi kowace yin haka, domin akwai abin da ake saka mata na riƙe ruwa, shi ne yake taruwa a ƙasan tukunya yana ƙarar da ka ji.

Ɗan Sabon Gari: Malam, ni na ji ana cewa in aka yayyafa mata ruwan zuma ko shayi mai sukari tana yin daɗi.

Malamin Lakwal: Masu sarrafa taba suna saka zaƙi, gaskiya ne, amma da awo suke yi, su turara ta, su matse, su ajiye ta ta daɗe. Kai in ka yayyafa zuma a gida, abin da za ka samu shi ne taba mai danƙo da ke toshe lofe, sukarin ya ƙone da zafi, ga fumfuna na jira. Mai farawa ya bar wannan tukuna.

Tsohon Direba: Yanzu sai cikawa, don in ka gyara danshi ka ɓata cikawa aikin banza ne. Da farko ka warware tabar da yatsu a kan takarda, ka tsince ƙararen da ke ciki, kada a sami dunƙule. In ka taɓa samun irin wadda ake matsewa a yanka falle-falle, sai ka sa falle ɗaya tsakanin tafukan hannu ka murza har ta warware.

Sau uku ake zubawa. Na farko ka yayyafa har tukunyar ta cika ba tare da ka tura ba, sannan ka danna a hankali ƙwarai ta sauka rabi. Na biyu ka sake cikawa, ka danna da ɗan ƙarfi ta kai kashi biyu cikin uku. Na uku ka cika ka danna fiye da na biyu, ka bar ɗan fili tsakanin tabar da bakin tukunya. Manufar ita ce ƙasa ya zama sako-sako, sama ya ɗan yi tauri, don hudar da iska ke bi a ƙasa take. In ka danƙare ƙasa ka toshe ta ke nan.

Kafin ka kunna, sa a baki ka ja. Ya kamata ka ji iska na zuwa da ɗan nauyi kaɗan. In sai ka tsotsa da kumatu, zazzage ka sake. In kuma iska na wucewa fayau ba abin da ya tare ta, ƙara danna. Kada ka ji ƙyashin zazzagewa, minti ɗaya ne, ya fi ka zauna kana kokawa da wuta.

Kunnawa sau biyu ce. Ƙyasta ashana, ka bari kan ya gama cin maganinsa don kada warin ya shiga tabar. Ka kewaya da wutar a saman tabar kana ɗan ja, har saman duka ya yi baƙi. Za ka ga ta kumbura ta taso, wutar kuma ta mutu, haka ake so. Ɗauki ƙusa mai faɗin kai ka daidaita saman a hankali, nauyin ƙusar kaɗai ya isa. Sannan ka kunna ta biyu, ita ce ta gaske. Daga nan sai ja kaɗan-kaɗan kamar mai kurɓar shayi da zafinsa, kana barin tazara. Ba a haɗiye hayaƙin lofe, a baki yake tsayawa a fitar. Riƙe tukunyar a tafin hannunka: in ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ajiye ta ta huce. In ta mutu ka sake kunnawa, ba abin kunya ba ne, har waɗanda suka tsufa da lofe suna sake kunnawa.

Na Mokoyo: Baba na yi na tsingaron jiya da dare. Da safe na matsa ta warware yadda ka ce. Na cika sau uku, ta mutu mini amma harshena lafiya. Saura maganar ganyen kasuwa.

Manomin Gulbi: Wannan ɓangaren nawa ne. Ƙanena, mu a kwarin Gulbi wajen Madarumfa mun gaji noman taba bayan ruwa ya janye, kuma zan gaya maka abin da yawancin masu sayarwa ba za su tsaya su bayyana ba. Ganyen da kake gani a kasuwa ba don lofe aka gyara shi ba. Masu sayensa mafi yawa masu dakawa ne su haɗa da kanwa su sa a baki, ko masu shaƙa a hanci. Su ƙarfi suke nema, don haka manomi ba ya damuwa da yadda ganyen zai ci wuta.

Abu na farko, wurin da ganye yake a jikin kara. Na ƙasa sirara ne, sun fi sauƙi, sun fi cin wuta. Na sama masu kauri ne, su ne suka fi ƙarfi, musamman in an karye kan shukar don kada ta yi fure. Wanda ya bar fure don ya sayar wa mata masu goge haƙori, ganyensa yakan fi rauni. In za ka saya don lofe, nemi na tsakiya zuwa ƙasa.

Abu na biyu, kuma shi ne babba, bushewa. Ganyen taba ba a busar da shi yadda ake busar da kuka ko zogale. Dole ya mutu a hankali, ya tashi daga kore ya koma rawaya, daga rawaya ya koma ruwan ƙasa, alhali da sauran ruwa a jikinsa. A cikin wannan canjin ne ɗacin yake fita. Iskarmu kuwa ba ta jira. In ka yanke ganye ka rataye a fili cikin hunturu, kwana biyu ya bushe da korensa, kuma wanda ya bushe da kore ya tafi ke nan, ko shekara nawa ka ajiye shi yana nan da ɗaci da warin ciyawa, yana kama maƙogwaro.

Yadda nake yi wa wanda zan ajiye wa dattawanmu masu tukunya: in na tsinko ganyen da ya fara nuna rawaya, sai in jera shi a kan tabarma cikin ɗaki, in rufe da buhu, kullum ina juyawa don kada ya yi zafi ya ruɓe. In ya yi rawaya sosai in huda gindinsa in shiga da igiya, in rataye a ɗakin ƙasa mai duhu, ƙofa a rufe, ina yayyafa ruwa a daɓe safe da yamma. Sati huɗu zuwa takwas yake ɗauka. Alamar ya kai ita ce jijiyar tsakiya ta karye ƙas in ka lanƙwasa ta. In tana lanƙwasuwa, da saura.

Ko a nan ma bai zama na sha ba. Sabon ganye yana da wani wari mai yaji da ke shiga hanci, sai an ajiye shi ya huce. Sai in mayar masa da danshi har ya yi laushi yana naɗuwa, in zare jijiyar, in jera ganyen ɗaya bisa ɗaya, in naɗe da farin ƙyalle, in sa tsakanin katako biyu in aza dutse. Lokaci-lokaci in buɗe in sha masa iska in mayar. Bayan watanni launin ya yi duhu, warin ya koma mai daɗi. Sannan a yanka da wuƙa mai kaifi siri-siri. Ba a dakawa, ba a murzawa ya zama gari, garin taba toshe lofe yake yi kuma yana bin bututu ya shigo baki.

Na Mokoyo: Yaya, wanda na saya kore-kore ne da ɗan baƙi a gefe.

Manomin Gulbi: To ka ba mai sawa a baki, ko ka jiƙa shi ka fesa wa ƙwari a shukar da ba a ci. Bai dace da lofe ba. In ka koma kasuwa ka ɗaga ganyen ka duba shi a haske: ka nemi mai launin ruwan ƙasa bai ɗaya, ka shinshina, ka ja shi kaɗan ka ga ko yana miƙewa. Ka kuma tambayi mai shi ko an yi feshi dab da tsinka. Wasu suna fesa maganin auduga ko na wake a taba, kuma duk abin da ya zauna a ganye hayaƙi zai kawo maka shi. Akwai gwajin da ba ya ƙarya: yagi ɗan busasshen ganye ka taɓa shi da garwashi. Mai kyau zai ci gaba da ci shi kaɗai na ɗan lokaci ya bar farar toka. Wanda aka shuka a ƙasa mai gishiri ko aka ba ruwa mai zartsi, nan take zai mutu ya bar baƙi.

Mai Tebur a Kasuwa: Amma ai tsofaffinmu suna ɗan barbaɗa kanwa ko a tukunya. Na ga kakana yana yi.

Malamin Lakwal: Alhaji, kanwa ba ta gyara ɗanɗano, ƙarfi take ƙarawa. Tana sakin nikotin ɗin da ke cikin ganye ya shiga jini da sauri ta fatar baki, shi ya sa masu taunawa ba sa rabuwa da ita. A lofe kuwa hayaƙin zai ƙara kaifi, kuma mai farawa jiri da amai za su kama shi. Kakanka jikinsa ya saba. Ga kuma wani abu: taba iri biyu ce ake nomawa a duniya. Akwai mai dogon kara da faffaɗan ganye da fure ruwan hoda, ita ce ta sigari da lofe. Akwai gajera mai kaurin ganye da fure rawaya-kore, nikotin ɗinta ya ninka na waccan. Wanda bai san wacce ya saya ba ya fara da kaɗan.

Tunda an zo nan, Na Mokoyo ka duba jikin gwangwaninka, yawanci suna rubuta abin da aka haɗa. Bajiniya ita ce wadda ake busarwa a ɗaki da zafin bututun wuta cikin kusan sati guda, tana riƙe zaƙinta, launinta rawaya, kuma ita ce ta fi cizon harshe in an yi gaggawa. Barli a iska ake busar da ita, irin yadda Yaya ya bayyana, ba ta da zaƙi, tana ci a sanyaye, amma ta fi nikotin. Latakiya sunan wani gari ne a bakin teku a Siriya, ganye ne da ake turarawa da hayaƙin itatuwa har ya yi baƙi, daga baya yin ta ya koma tsibirin Kubrus. Ferik kuma daga Luwiziyana ta Amurka take, ana matse ta cikin gangunan katako ta daɗe tana tsima, ɗan kaɗan ake sakawa don yaji. Ganyenmu na Gulbi in an bi shi a hankali dangin Barli ne ta fuskar gyara, shi ya sa wasu ke haɗa kaɗan daga cikinsa da mai ƙamshi don ya rage mata danƙo.

Majo ta Unguwar Zariya: Na karanta duka, kuma ba zan iya wucewa ban yi magana ba. Ƙanena Na Mokoyo, da ma kana shan sigari ne, ko da lofe ka fara?

Na Mokoyo: Ina shan sigari Yaya. Tunanina in koma lofe tunda an ce ba a haɗiye hayaƙin.

Majo ta Unguwar Zariya: Abin da na ji tsoro ke nan. Ka saurare ni da kyau. Rashin haɗiyewa ba ya sa lofe ya zama lafiya. Hayaƙin yana zaune a kan leɓe, harshe, dasashi da maƙogwaro, kuma cutar daji ta baki, ta maƙogwaro da ta hanyar abinci sun fi kama masu lofe a kan waɗanda ba sa sha. Nikotin ta baki yake shiga, yana ɗaga hawan jini, yana kama mutum yadda sigari ke kamawa. Wanda kuma ya fito daga sigari, ƙirjinsa ya saba ja, sai ya ci gaba da haɗiyewa bai ma sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan guda da ba sa sha, hayaƙin wasu suka shaƙa. A asibitin da nake aiki ina ganin yara masu tari da ba ya warkewa, in ka bincika a ɗaki ɗaya suke kwana da mai sha. In barin sigari kake so, zo mu yi maganar bari, akwai hanyoyi. Lofe ba hanyar bari ba ce.

Tsohon Direba: Hajiya, ba zan ja da ke ba ko kaɗan, kuma ban ce wa yaron nan lofe magani ne ba. Gyaran da nake koya masa na harshe ne da ɗanɗano, ba ya rage cutar da kika faɗa. Wanda bai fara ba kada ya fara saboda mu. Amma babba ne, ya riga yana sha, ya yi tambaya, ni kuma abin da na sani na ba shi.

Majo ta Unguwar Zariya: Na yarda Baba. To aƙalla a ƙara da waɗannan. Kada a sha a ɗaki da iyali, kada a sha kusa da mai ciki ko yaro. Kwalbar a ɗaga ta inda yaro ba ya kaiwa, don ɗan ƙaramin yaro in ya ci taba guba ce, a kai shi likita nan da nan. Jirin da ya kama ka nikotin ne ya yi yawa: in ka ji zufa mai sanyi da tashin zuciya ka ajiye, ka fita iska, ka zauna. Duk wani gyambo ko fari-fari a baki da ya wuce sati biyu bai warke ba, a nuna wa likita. Yaya manomi, ku ma masu tsinkar ganye da raɓa, nikotin yana ratsa fata, shi ne ciwon kai da aman da ke kama ku a gona. Ku jira ganye ya tsane, kada a sa yara. Sannan a tuna muna da doka a ƙasar nan ta Nijar, mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a.

Almajirin Limanci: Ni ma ina tare da Hajiya. Malamanmu da yawa a garin nan haramci suke gani saboda cutarwa da ɓarnar dukiya.

Malamin Lakwal: Haka ne Malam, kuma saɓanin tsoho ne. Taba daga Amurka ta fito, ta iso ƙasashenmu wajen shekara ta 1600. Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana ganin halasci, wasu malaman zamanin suka hana. Sai dai a lokacinsu ba a san abin da likitoci suka gano daga baya ba, shi ya sa malaman yanzu da yawa suka tsananta. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Ɗan Sabon Gari: Baba, in koma kan lofen kansa. Nawa ya fara ɗaci ko da tabar na da kyau.

Tsohon Direba: Ba ka share shi ke nan, ko kana maimaita shi da zafinsa. In ka gama, bar shi ya huce, ka kwance tokar da tsinke, ka juye a tafin hannu. Kada ka buga shi a bango ko a dutse, nan wuyan yake karyewa. Kada kuma ka zare bututun da zafi, mahaɗar za ta saki. Bi cikin bututun da siririyar waya mai auduga in kana da ita, in babu gashin fiffiken kaza mai tsabta yana yi. Sannan ka ba shi hutun yini guda iccen ya bushe. Na kirki daga saiwar wani icce ake sassaƙa su da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, tana jure wuta amma tana shan ruwa. Baƙin da ke taruwa a cikin tukunya kada ka kankare shi duka, yana kare iccen, sai in kaurinsa ya wuce milimita biyu a rage. Tukunyar yumɓu irin ta kakanninmu ba ta da wannan fitina, in ta yi ɗaci a sa ta cikin garwashi ta ƙone fes, sai dai ta fi zafi a hannu kuma faɗuwa ɗaya ce.

Na Mokoyo: Kwalbar da na juye tabar, in bar ta haka har damina?

Manomin Gulbi: Ka bar ta a rufe, a ƙasan ɗaki inda ya fi sanyi, ba a saman kwaba kusa da kwanon rufi ba. Yanzu zuwa watan Mayu abokin gabarka bushewa ne, don haka ka ware ta sati guda a ƙaramar kwalba, babbar kada ka riƙa buɗe ta kullum. Leda ba ta riƙe danshi, aljihu kuma ya fi komai busarwa. In ruwa ya sauka sai lamarin ya juya. Cire tsingaron gaba ɗaya, ka bari tabar ta ɗan fi bushewa kafin ka rufe, kana dubawa a haske. In ka ga fari ko kore mai gashi-gashi, ko ka ji warin ruma, zubar da ita duka, ka dafa kwalbar. Wani abin kuma shi ne ƙwaro ɗan mitsitsi ruwan ƙasa da ke huda ganye ya bar gari a ƙasa, da ganyen kasuwa yake shigowa. Duk ganyen da ka sayo ka ƙulle shi a leda biyu ka ba mai firji ya sa maka a wurin ƙanƙara sati guda, in ka karɓo kada ka kwance sai ya gama hucewa don kada ya yi gumi. Kuma kada ka haɗa shi kwalba ɗaya da ta gwangwani sai ka tabbata babu komai a jikinsa.